Daga Filin Jirgin Kaduna Zuwa Ƙofar Kuyambana: Cinikin Shatar Mota

Duk wanda ya zauna a Zariya ya saba da kukan ƙananan jiragen sama da ke shawagi a kan Palladan da Kwangila tun da hantsi. Jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ne, wadda aka kafa a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma da yawa daga cikin matuƙan da ke kai 'yan ƙasar nan Legas da Jidda a wannan fili suka fara koyon tashi da sauka. Amma abin mamaki, garin da yake yaye matuƙa ba shi da jirgin fasinja da ke sauka a kan ƙa'ida. Filin na ɗalibai ne da malamansu, sai kuwa wani babban baƙo jifa-jifa. Saboda haka Bazazzagin da ya hau jirgi daga Legas, ko daga wata ƙasa, tilas ne ya sauka a Kaduna ko a Kano, sa'an nan ya ƙarasa gida a mota. Wannan ƙarashen tafiya shi ne abin da muke so mu duba a yau tare da masu karatunmu, gama sau da yawa shi ya fi zaman cikin jirgin tsawo, shi ne kuma inda ake samun saɓani da ɓacin rai.

Kada mai karatu ya ce wannan magana ta masu hannu da shuni ce kaɗai. Cikin masu sauka a filin jirgin Kaduna da nufin zuwa Zariya akwai malaman Jami'ar Ahmadu Bello da ke dawowa daga taro, akwai masu zuwa duba majinyaci a asibitin koyarwa na Shika ko asibitin Wusasa, akwai iyayen ɗalibai, akwai 'ya'yan da ke aiki a kudu waɗanda suka haɗa kuɗin tikiti da ƙyar domin an bugo musu waya cewa tsoho ya yi nauyi. Akwai masu zuwa gaisuwar rasuwa, da masu zuwa ɗaurin aure, da masu zuwa Sallah ko Kirsimeti. Yawancinsu suna cikin sauri, wasu kuma suna cikin damuwa, mai sauri da mai damuwa kuwa ba su iya ciniki ba.

A ƙasashen Turawa al'amarin dabam yake. A 1946 wani Ba'amurke mai suna Warren Avis, wanda ya yi aikin sojan sama a Yaƙin Duniya na Biyu, ya lura cewa duk inda ya sauka daga jirgi sai ya sha wahalar neman abin hawa. Sai ya ajiye motoci 3 a filin jirgin Willow Run, kusa da Detroit, ya fara ba da su haya. Daga nan abin ya yaɗu, har ya zama a yau matafiyi a Amurka ko Ingila yakan nuna lasinsa da katin bankinsa a wani kanti cikin filin jirgi, ya sa hannu a takarda, a miƙa masa makulli, ya tuƙa kansa, in ya gama ya mayar. Kamfanin ya yarda da shi ne domin yana riƙe da katin bankinsa, ya san adireshinsa, inshora kuma tana tsaye a bayan su duka biyu. A nan wajenmu babu mai miƙa wa baƙo makullin motarsa a bakin filin jirgi. Ko a Legas da Abuja, inda ake da kamfanonin hayar mota sosai, galibi da direba ake ba da ita. Dalilan a fili suke: ko da mai mota ya yarda da kai, wa zai amsa tambayoyin jami'ai a shingen hanya game da takardun motar da ba sunanka ke jikinsu ba, wa kuma zai san bakaniken da za a kira in ta tsaya a bayan Jaji?

To, abin da muke kira shata ke nan. Wanda ya ɗauki shata, mutum ya ɗauka tare da motarsa, da wuninsa, da sanin hanyarsa, har da komawarsa gida. Mun lura cewa mafi yawan rigingimun da ke tashi tsakanin fasinja da direba daga rashin fahimtar wannan suke fitowa. Fasinja yana lissafin zuwa, direba yana lissafin zuwa da dawowa.

Sai mu fara da wurin da filin yake. An buɗe filin jirgin Kaduna na yanzu a 1982, tsohon filin da ke cikin gari kuwa yana hannun sojojin sama. An kai shi can bayan gari, kimanin kilomita 22 arewa maso yamma, ta wajen Mando da Afaka, a gefen hanyar da ta nufi Birnin Gwari. Wanda ya fito daga ɗakin karɓar kaya ba zai ga tasha ba, ba zai ga motar haya tana wucewa yana tsayarwa ba. Abin da zai gani shi ne motocin direbobin filin, waɗanda ke da ƙungiyarsu da izinin hukumar kula da filayen jiragen sama ta tarayya. Daga nan zuwa bakin ganuwar Zariya, in an bi ta Mando da Kawo aka hau babbar hanya, tafiyar ta kai kilomita 100 ko kusa da haka. In hanya ta yi kyau, sa'a ɗaya da rabi ta isa.

Filin ya ga ranakun cika da ranakun shiru. Waɗanda suka manyanta za su tuna zamanin Nigeria Airways, wanda ya daina tashi a 2003, da Kabo da Okada, da kuma Chanchangi wanda Kaduna ce ma gidansa. A lokacin Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo, ita ce sarauniyar shata, tun da a nan Kaduna ake harhaɗa ta daga 1975, kayan gyaranta kuma ko a ƙauye ana samu. Ranakun da filin ya fi cika kuwa su ne na 2017, sa'ad da aka rufe filin jirgin Abuja daga 8 ga Maris har tsawon mako 6 domin gyaran hanyar saukar jirage, aka karkato da jiragen zuwa Kaduna. Kamfanonin Ingila da Jamus da wasu sun ƙi zuwa, na Habasha ne ya yarda ya sauka. A makonnin nan direba yakan yi sawu biyu ko uku a wuni. Da aka buɗe Abuja a watan Afrilu sai kasuwa ta watse, aka koma jiran jirage 'yan kaɗan.

Wannan jiran shi ne abu na farko a lissafin direba, fasinja kuwa ba ya ganinsa. Direbobin filin layi suke bi. Mutum yakan zo tun da safe ya rubuta sunansa, ya zauna a inuwa, wani lokaci har la'asar layi bai zo kansa ba, domin jirgin da ya sauka rabin mutanensa 'yan'uwa sun zo tararsu, wasu kuma motar ofis na jiransu. Idan layi ya zo kansa, fasinjan nan ɗaya shi ne cinikinsa na ranar, watakila ma na kwana biyu. Daga abin da ya karɓa zai biya kuɗin shiga ƙofar filin, ya biya na ƙungiya, in kuma motar ba tasa ba ce ya kai wa mai ita balas. Sa'an nan a zo ga mai.

Bari mu yi lissafin man a fili, domin kowa ya iya yi da kansa da farashin ranar da yake tafiya. Mu ɗauka mota tana shan lita 1 a kowace kilomita 10, abin da tsohuwar mota mai sanyaya ciki ma takan wuce. Zuwa Zariya da dawowa kilomita 200 ne, watau lita 20. A 1995, lokacin da lita take Naira 11, man tafiyar Naira 220 ne, in an same shi a gidan mai ba a wajen 'yan bumburutu ba. A farkon 2023, sa'ad da farashin gwamnati bai kai Naira 200 ba, bai kai Naira 4,000 ba. Bayan da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 lita ta haura Naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce Naira 1,000 a gidajen mai da yawa na arewa, watau man tafiyar nan kaɗai ya kai Naira 20,000. Wanda ya daɗe bai zo gida ba, ya sauka da tsohon farashi a kansa, in ya ji abin da direba ya faɗa sai ya ɗauka zamba ce. Sau da yawa ba zamba ba ce, lissafi ne ya canza yana can.

Mai karatu zai ce, ai direban yana iya ɗauko fasinja a hanyarsa ta komawa. Wani lokaci yakan samu, amma ba abin dogara ba ne. Ba shi da layi a tashoshin Zariya, gama kowace tasha da ƙungiyarta da 'yan kamashonta, kuma ba sa barin baƙuwar mota ta yi lodi a gabansu alhali nasu suna jira. Abin da ya rage masa shi ne tsintar mutum ɗaya ko biyu a bakin titi, ido ɗaya a kan hanya ɗaya a kan 'yan kamasho. Da yawa kuma ba sa so su ɗauki wanda ba su sani ba, musamman da yamma.

Ba muna cewa duk abin da direba ya faɗa gaskiya ba ne. Akwai masu duban takalmin mutum da jakarsa kafin su yanka farashi, akwai masu ninkawa in sun ji Hausar fasinja ta gauraya da Turanci, ko in sun ga mace ita kaɗai da yara. Maganin wannan shi ne a tambayi farashi tun kafin a taso, a wajen ɗan'uwan da ya bi hanyar kwanan nan, sa'an nan in an sauka a nemi wurin shugabannin ƙungiyar a ji abin da suka tsayar na zuwa Zariya, maimakon a biye wa na farkon da ya kama jaka yana cewa "Sannu da sauka, Alhaji, ga mota a nan." Ciniki ba faɗa ba ne. A gaisa tukuna, a tambayi aiki da iyali, a taya, ya ce albarka, a ƙara, har a daidaita. Amma a gama shi sarai kafin kaya su shiga bayan mota, domin da zarar an rufe but fasinja ya rasa rabin ƙarfinsa.

Ga wanda aljihunsa bai kai ba, akwai wata dabara da mutanen Zariya suka daɗe da sani. A ɗauki shata zuwa tashar Kawo kaɗai, inda motocin Zariya ke lodi, a shiga ta haya kamar kowa. In ana da kaya ko ana son sararawa, sai a sayi kujerun gaba, ko na baya gaba ɗaya. Kuɗin yana raguwa ƙwarai, sai dai ana biya da lokaci da wahalar sauke kaya da ɗorawa, kuma motar tasha ba za ta kai mutum ƙofar gida ba. Ga tsoho ko majinyaci ko mai jego ba mu ba da wannan shawara ba.

Yanzu ga inda muka fi so a tsaya a kai. Idan fasinja ya ce wa direba "Zariya za ka kai ni," bai faɗi kome ba tukuna. Zariya garuruwa ne da yawa da suka haɗu a ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai Birni a cikin ganuwa, akwai Tudun Wada, akwai Sabon Gari wanda ya tashi tare da hanyar jirgin ƙasa, akwai Wusasa a gindin Dutsen Kufena, akwai Samaru inda jami'a take, fiye da kilomita 10 daga Birni, sa'an nan Shika tana gaba da Samaru. Direban da ya yi ciniki yana tunanin zai sauke mutum a Gwargwaje ko Ɗan Magaji, a bakin babbar hanya, ya juya, in aka ce masa a ƙarasa Shika ba zai yi shiru ba, kuma yana da gaskiya. Haka shi ma fasinjan da aka tsaya da shi a bakin titi da akwatuna huɗu aka ce nan ne Zariya, yana da gaskiya in ransa ya ɓaci.

Mutanen Birni sun warware wannan tun kafin a ƙirƙiro mota, domin da ƙofa suke kwatance. Akwai Ƙofar Doka da ke fuskantar Tudun Wada, da Ƙofar Kibo, da Ƙofar Gayan, da Ƙofar Kona, da Ƙofar Bai, da Ƙofar Galadima, da Ƙofar Jatau, da kuma Ƙofar Kuyambana. Ita wannan ta ƙarshe tana ɓangaren da ke duban Wusasa da Kufena, tana ɗauke da sunan wata tsohuwar ƙasa ta yamma, sunan da har yau ake kiran babban dajin da ke tsakanin Ɗansadau da Birnin Gwari da shi. Ga wanda ya fito daga Kaduna, tana cikin ƙofofin da ya fi kusa da su, ba sai ya zagaya ta Kwangila da Sabon Gari da Tudun Wada ya sha cunkoso ba. Direban da ya san gari, da ka ambaci Kuyambana ya san inda zai bar babbar hanya. Wanda bai sani ba kuwa, kuma akwai su, tun da ba duk direban filin jirgin Kaduna ne ya taɓa shiga Birnin Zariya ba, zai wuce da kai har Kwangila, sa'an nan ya fara tsayawa yana tambayar masu shayi. Wannan ma wata hanya ce ta gwada direba tun a filin: a ambaci ƙofar a ga ko fuskarsa ta nuna ya gane.

Amma ƙofa ma bakin magana ce. Bayan an shige ta, akwai titunan da mota ke bi zuwa Babban Dodo da Ƙofar Fada da kasuwa, akwai kuma lungunan da aka yi su domin mai tafiya a ƙasa da jaki da doki, inda kwata ke bin tsakiya, katanga kuma na kusan taɓa madubin mota hagu da dama. A Birni ba a neman gida da lamba. Da sunan unguwa ake nemansa, Kwarbai ko Kusfa ko Juma ko Limancin Kona, sa'an nan da sunan mai gidan ko na kakansa, sa'an nan da masallaci ko rimi ko rijiyar da ke kusa. Direba yana tsoron lungu domin in ya shiga ba lalle ya sami wurin juyawa ba, in kuma ya goge fenti ba fasinja ne zai biya ba. Saboda haka abin da ya fi sauƙi shi ne a faɗa masa gaskiya tun farko: "Malam, ta Ƙofar Kuyambana za mu shiga, mota tana kaiwa har bakin masallacin unguwarmu, daga nan yara za su ɗauki kaya." Kuma lalle a bugo gida tun ana Jaji, a sa wani saurayi ya fito bakin ƙofar ya jira, ya shiga gaba ya nuna hanya. A tuna kuma da ranaku. Ranar Juma'a da azahar wajen fada ba ya biyuwa, a kwanakin hawan Sallah kuwa dawaki ne ke da titi, mota sai ta jira.

Sai maganar lokaci, wadda ta fi ta kuɗi nauyi. Ba ma so mu tsorata kowa, amma ba daidai ba ne mu rubuta a kan wannan hanya mu yi shiru da abin da ya faru a kewayenta. Ranar 11 ga Maris 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka, wadda ke kusa da hanyar filin jirgin. Ranar 24 ga Agusta na shekarar suka shiga makarantar horar da hafsoshin soja da ke nan Afaka. Ranar 26 ga Maris 2022 suka kai hari gefen filin jirgin kansa, suka kashe wani mai gadi, bayan kwana biyu kuma aka tare jirgin ƙasan da ya taso daga Abuja kafin ya iso Rigasa. Kamfanonin jiragen sama sun dakatar da sauka a Kaduna na wani lokaci, jirgin ƙasan kuma bai koma aiki ba sai 5 ga Disamba 2022. A watannin nan mutanen Zariya da yawa ta Kano suka riƙa bi. Al'amarin tsaro yana sauyawa daga shekara zuwa shekara, wani lokaci ma daga mako zuwa mako, don haka labarin da ya fi amfani shi ne wanda ɗan'uwa zai ba ka a waya ranar tafiyar. Amma darasi ɗaya ya zauna: a yi wannan hanya da rana.

Matsalar ita ce jirgi ba ya bin agogon fasinja. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yakan rufe sama, jirgin da aka ce zai sauka ƙarfe 2 ya sauka bayan magariba, ko a soke shi gaba ɗaya. Wanda ya sauka da dare yana da 'yan'uwa ko masauki a Kaduna, gara ya kwana ya kama hanya da sassafe. Mun san wannan shawara tana da ɗaci ga wanda aka ce masa mahaifiyarsa tana kiran sunansa a gadon asibiti, kuma ba za mu ce kowa zai iya binta ba. Amma ko wanda ya ga tilas ne ya tafi, ya tuna cewa shi in ya isa zai shiga gida a rufe ƙofa, direban kuwa yana da sauran kilomita 100 shi kaɗai cikin duhu. Shi ma yana da masu jiransa. Idan ya nemi ƙari domin dare, ko ya ce sai dai a ba shi wurin kwana ya koma da asuba, bai yi rashin kunya ba. A gidajen Birni da na Wusasa ba a rasa zaure ko ɗakin baƙi, kuma mun san gidajen da suka yi haka suka sami direban da ya zama kamar ɗan gida, wanda shekara da shekaru shi ke taro musu baƙi.

Ita kanta hanyar ta canza. Daga 2018 kamfanin Julius Berger ya shiga sake gina ta, aka yi shekaru ana haɗa masu zuwa da masu dawowa a hannu ɗaya, aka yi asarar rayuka ba kaɗan ba. Zuwa 2023 sashen Kaduna zuwa Zariya ya kammala, ya yi sumul. Sai haɗarin ya koma na gudu. Dokar hanya ta ƙayyade kilomita 100 a sa'a ga motar gida a kan irin wannan titi, 90 ga motar haya, amma direban da ke son komawa layi kafin jirgin yamma ba ya duban allura. A Maraban Jos manyan motoci sukan jeru a gefen titi, mutane da dabbobi suna tsallakawa ta tsakaninsu, haka a Birnin Yero da sauran ƙauyukan bakin hanya. A motar tasha fasinja ɗaya in ya yi magana sauran sukan ce suna sauri. A shata babu wannan uzuri. Kai ka ɗauki motar, kana da ikon cewa "Malam direba, a sassauta, ba ma sauri," kuma gara a faɗa tun a Rigachikun da murmushi da a faɗa a Jaji da tsawa.

Kafin a shiga motar ma akwai abin dubawa na minti biyu, wanda kunya kan hana mutane. A dubi tayoyi huɗu, a tambayi safaya da jak, a ga ko bel ɗin kujera yana kamawa. A dubi lambar motar: jan rubutu na motar haya ne, shuɗi na motar gida, kore na gwamnati. Motocin shata da yawa shuɗin rubutu gare su. Wannan bai sa direban ya zama mugu ba, amma yana da ma'ana ta fuskar inshora. Inshorar dole, wadda kuɗinta ga motar gida ya tashi daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 a Janairu 2023, an yi ta ne domin ɓarnar da mota ta yi wa wani, kuma ta motar gida ba a yanke ta domin ɗaukar fasinja da kuɗi ba. Ba mu ce a fasa tafiya saboda haka ba, sai dai mutum ya san a kan me yake zaune. Abin da ba za mu yarda a bari ba shi ne a rubuta lambar motar da sunan direban da lambar wayarsa a aika gida, a gabansa, ba a ɓoye ba. Direban kirki ba ya jin haushin wannan, wasu ma su suke cewa a yi.

Wanda ya zaɓi sauka a Kano lissafinsa ya ɗan bambanta. Filin jirgin Malam Aminu Kano shi ne mafi daɗewa a ƙasar nan, a Kano ne ma jiragen sama suka sauka tun a watan Nuwamba 1925, sa'ad da jiragen sojan Ingila 3 suka iso daga Masar. Yana cikin gari, jirage sun fi yawa, motoci sun fi yawa, har da masu aiki da manhajar waya irin su Bolt, don haka ciniki ya fi sauƙi, ko da yake su ma masu manhajar in sun ji tafiyar ta bar gari sukan ajiye farashin waya su koma ciniki da baki. Sai dai hanyar ta fi tsawo, kimanin kilomita 150 ta Kura da Kwanar Ɗangora da Tashar Yari, kuma ta arewa take shigowa Zariya. Ga mai zuwa Samaru ko Shika ko Sabon Gari wannan daidai ne. Ga mai zuwa Ƙofar Kuyambana kuwa akwai sauran tafiya bayan Kwangila, sai a bi hanyar bayan gari zuwa Ɗan Magaji, kuma lalle a sa wannan cikin ciniki tun a Kano.

Game da biya, abin da ya faru a farkon 2023, lokacin canjin takardun Naira, ya koya wa direbobi karɓar kuɗi ta waya, amma bai sa sun daina son tsaba ba, domin mai sayar da mai a bakin hanya da ɗan ƙungiya ba sa jiran saƙon banki. Yawancinsu za su nemi wani abu tun a Kaduna domin su sha mai, wannan kuwa al'ada ce, ba abin zargi ba. A ba da na mai, a riƙe sauran sai an isa. A daidaita tun farko wa zai biya kuɗin ƙofar filin, ko akwai tsayawa a hanya, ko za a biya ta wani gida a sauke saƙo. In ta waya za a biya, a tambayi sunan da ke kan asusun kafin a tura, gama sau da yawa na matarsa ne ko na mai motar, a kuma jira ya ga shigar kuɗin kafin a rabu.

Idan tafiyar ta yi daɗi, a karɓi lambarsa domin ranar komawa. A nan ne fasinja zai ga ɗaya gefen lissafin, domin yanzu direban zai zo Zariya ba kowa a motar ya koma da kai, kuma zai so ɗan kafin alƙalami kafin ya taso, don kada ya zo ya tarar an bi wani ɗan'uwa. A faɗa masa lokacin tashin jirgin na gaskiya, a bar Birni aƙalla sa'a 4 kafin lokacin, saboda cunkoson Kawo da Mando, musamman in lokacin jigilar alhazai ne, sa'ad da sansaninsu na Mando yake cika da masu rakiya da masu tarya. A kuma gaya masa a bakin Ƙofar Kuyambana zai tsaya ya buga waya, yaro zai fito ya shigo da shi.